Zauren Masu Kwamfuta na Jos: Man Furosesa da Ƙurar Hunturu

Fa'iza: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da sanyi. Don Allah shawara nake nema. Kwamfutata HP EliteBook 840 G3 ce, tokumbo na saye ta shekara biyu da suka wuce. Tun farkon watan nan ta tsiro da wani hali: da na yi kamar minti ashirin ina aiki sai fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe, gefen hagu ya yi zafin da ba na iya ɗora hannu, daga nan sai ta ɗauke ɗif. Jiya sau uku ta yi mini haka, ga shi babi na huɗu na furojet ɗina nake kai. Wani ɗan ajinmu ya ce man furosesa ne ya bushe, wai man da ake shafawa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wane iri zan saya, a ina ake samu, kuma zan iya sawa da kaina?

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce komai, 'yata, ki kwashe aikin nan naki ki zuba a filas, ki kuma tura wa kanki ta imel. Yanzu, ba anjima ba. Inji ana gyara shi, wahalar wata shida ba a dawo da ita.

Fa'iza: To Kawu, yanzu kuwa. Na gode.

Nazifi: Ni dai na taɓa ji an ce ko makilin aka shafa yana yi, tunda shi ma akwai sanyi a cikinsa. In babu kuɗi a hannu ko za ta gwada?

Injiniya Sabo: Kul, Nazifi. Sanyin makilin a harshe yake, ba ya rage zafin ƙarfe. Ruwa ne da yawa a cikinsa, kwana kaɗan zai bushe ya zama alli, sannan akwai ɗan gari mai kankare haƙori a ciki. An sha kawo mini irin wannan aikin a shago. Haka giris na mota da basilin, duk ban yarda ba, basilin ma zafi na narkar da shi ya malale.

Fa'iza, kada ki sayi komai tukuna. Ki sauke Core Temp ko HWMonitor, manhajojin da ke nuna zafin furosesa ne, duka kyauta ne. Ki kunna kwamfutar ki bar ta minti biyar ba ki taɓa komai ba, ki rubuta lambar da kika gani. Sai ki buɗe abubuwan da kika saba aiki da su, ki sake rubutawa. Ki turo mana lambobin biyu. Sannan ki faɗa mini gaskiya, a kan me kike ɗora ta in kina aiki?

Fa'iza: To Yaya Sabo. Tana zaune kawai digiri 68 take nunawa. Da na buɗe Word da SPSS da Chrome ta haura 97, har na ga ta taɓa 99. Maganar inda nake ɗorawa kuma, da dare a kan gado nake aiki, cikin bargo. Sanyin Naraguta ba ya barin mutum ya zauna a tebur.

Anti Bilki: Ai ga rabin ciwon nan, ƙanwata. Kwamfutar nan ta ƙasa take jan iska ta fitar ta gefe. Kin ɗora ta a bargo, kin toshe mata hanci, kuma gashin bargon da take iya ja duk ciki yake taruwa. Ko faranti ne na kai abinci ki kifa a cinyarki ki ɗora ta a kai. Ni nan Abuja zafi ne matsalarmu, ku kuma can sanyi ne yake sa ku kashe injinanku da bargo, kowace shekara sai na ga irin wannan ƙorafin a zauren nan daga Disamba zuwa Janairu.

Injiniya Sabo: Furosesar da ke cikin irin taki, ko i5-6300U ce ko 'yar'uwarta, iyakarta digiri 100. In ta kusa kai wa nan sai ta rage gudu da kanta don ta huce, shi ya sa kike jin komai na ja da ƙyar. In hakan bai isa ba sai ta kashe kanta. Mutuwar da take yi kariya ce, ba lalacewa ta yi ba tukuna. Amma 68 a zaune ya yi yawa ƙwarai, a sanyin nan kamata ya yi ki ga arba'in da wani abu.

Malam Haruna: Injiniya, ka ba ni dama in ɗan yi bayanin abin da man yake yi, domin na lura mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar ƙanƙara ce ake shafawa. Man ba ya sanyaya komai. Abin da yake sanyaya furosesa shi ne tagullar da ke manne a kanta, da bututun tagulla da ke kai zafin bakin fanka, da iskar da fanka ke hurawa. To fuskar furosesa da fuskar tagulla, duk sheƙin da ido ke gani, ba sumul suke ba. Akwai ƙananan ramuka da ƙuraje da ido ba ya gani. In ka haɗa su biyu, wurare kaɗan ne suke taɓa juna da gaske, sauran iska ce a tsakani. Iska kuwa tana cikin abubuwan da suka fi hana zafi wucewa, shi ya sa rigar sanyi mai kumbura take ɗumama mu, iskar da ta riƙe ce take aikin.

A ma'aunin yadda zafi ke wucewa ta cikin abu, wanda muke koyarwa a aji kuma ake rubutawa W/mK, tagulla tana wajen 400, alminiyam wajen 237, iska kuwa 0.026 kacal. Man furosesa na kirki yana tsakanin ɗaya-ɗaya zuwa goma da 'yan kai. Ku dubi lambobin nan da kyau. Man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma tagulla ta fi shi ninki da yawa. Ke nan aikinsa ya kori iska daga cikin ramukan nan, shi ke nan. Duk abin da ya ƙaru a kan haka katanga ka gina tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kamar yaɓen da magini yake yi wa tsagar bango ne, cike tsagar ake so.

Baba Ɗanjuma: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Da na san wannan tun da, da ban yi asarar da na yi ba. Shagona na buga takardu yana nan wajen Taminus tun kafin gobarar babbar kasuwa ta 2002, na ga injina iri-iri. Zamanin Pentium 4, masu zafi kamar murhu, na kai wata wurin wani mai gyara, ba sai na faɗi suna ba. Ya buɗe gabana ya ɗebo farin mai da yatsa ya lafta kamar ana shafa wa burodi bota, bai ko goge tsohon ba. Na biya na tafi ina murna. Sati biyu ta koma gidan jiya. Da wani yaro ya buɗe mini ita daga baya, man ya malalo har gefen soket, ita kuma ƙurar da ta toshe haƙoran alminiyam ɗin da fanka ke hura wa iska tana nan daram, ko taɓa ta bai yi ba. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, don aikin mutane ne ya tsaya a hannuna.

Tun daga lokacin, duk ƙarshen wata nake fito da injina waje in hure su. 'Yata, ina ganin in aka buɗe taki, abin da za a tarar a bakin fanka zai ba ki mamaki.

Injiniya Sabo: Baba ya riga ni. Cikin laftof da ake kawo mini da wannan ciwon a lokacin hunturu, mafi yawansu ƙura ce. Tsakanin fanka da haƙoran tagulla sai ka ciro abu kamar audugar katifa, ya toshe hanya ruf. Ka sa man da ya fi kowane tsada a duniya, in iska ba ta fita aikin banza ka yi. Amma inji na 2016 da wataƙila ba a taɓa ɗaga tagullarsa ba, man ma ya isa canji. Tunda za a buɗe, a yi duka biyun.

Malam Haruna: Ga wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da wajen kashi goma cikin ɗari. Ma'ana duk juyin da fanka ta yi, iskar da take turawa ba ta kai nauyin ta can ba. Sanyin garin ne yake rufe mana wannan giɓin. To in aka ƙara ƙura a kai, sanyin ma ba zai cece mu ba.

Abba: Gaskiya ne. Amma maganar wane iri, ni Thermal Grizzly Kryonaut nake sawa a injin da nake haɗa bidiyon biki da shi, kuma na ga bambanci. In ma ana son a gama da zafi gaba ɗaya, akwai ruwan ƙarfe, Conductonaut. Ai shi irin wannan Sony suka sa a PlayStation 5.

Anti Bilki: Abba, don Allah kada ka kai yarinyar nan ga ruwan ƙarfe. Gaskiya ne yana ɗauke zafi fiye da kowane mai, amma ƙarfe ne, wuta tana bi ta cikinsa. Ɗigo ɗaya ya gangaro kan madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke manne a kai, an gama. Galiyam ɗin da ke ciki kuma yana cin alminiyam, ya mai da shi ya riƙa marmashewa. Sony da suka sa, sai da suka yi masa shinge na musamman don kada ya zubo. Ita kuwa wannan kwamfuta ce da ake sawa a jaka a hau Keke Napep da ita daga Naraguta zuwa Farin Gada, ana girgiza ta. Ko ni da nake wannan aikin a ofis ban taɓa sa wa injin kowa ba.

Abba: Na karɓa, Anti. Na janye ruwan ƙarfe. Kryonaut fa?

Injiniya Sabo: Mai ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai masu neman ƙure gudun inji aka fi yi wa shi, kuma kamfanin da kansa digiri 80 ya ambata a matsayin inda ba ya bushewa. Laftof kuwa takan wuce nan in aiki ya yi nauyi. Ga tsada. Furosesar Fa'iza wat 15 ce kawai, ba ta buƙatar wannan. Ni Arctic MX-4 nake sawa kusan kullum. Wuta ba ta bi ta cikinsa, ko ya ɗan taɓa gefe ba abin da zai ƙone, yana da laushin shafawa, kuma ba ya saurin bushewa. Noctua NT-H1 ma haka. Tsakanin waɗannan manyan sunaye bambancin digiri biyu ne ko uku. Tsakanin busasshen mai da sabo kuwa ana iya samun goma ko fiye. Saboda haka kada a tsaya jayayya kan suna.

Baba Ɗanjuma: Injiniya, wannan mai ruwan toka da ake sayarwa a ɗan kwano, HY510, shi fa? Shi yarana suke sayo mini, don yana da araha kuma yana da yawa.

Injiniya Sabo: Ranka ya daɗe, ga irin injinanka na tebur da buga takarda kawai suke yi, zai riƙe ka. Ya fi babu nesa. Abin da na lura shi ne yana saurin bushewa, sai ka riƙa sabuntawa akai-akai. A laftof ne ba na so, domin buɗe ta wahala ce, ba abin da za a riƙa yi duk bayan wata shida ba ne. In araha ake nema, GD900 ya fi shi a gwajin da na yi da hannuna.

Anti Bilki: Ni abin da ya fi damuna jabu ne. Na taɓa sayen sirinji mai sunan babban kamfani, da na matsa sai wani ruwa-ruwa ya fara fitowa kamar an tsinka kunu, daga baya gari-gari ya biyo. Na asali kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ki duba kwalin, Arctic suna sa lambar da ake ɗauka da waya a tabbatar a shafinsu. In mai shago ya miƙo miki sirinji tsirara babu kwali, kuma kuɗin ya yi araha fiye da hankali, ki ajiye masa kayansa. Nan Abuja a Banex da ke Wuse 2 nake saye, amma can ma sai ka san wanda kake hulɗa da shi.

Akwai kuma abin da na koma sawa a laftof masu zafi sosai, Honeywell PTM7950. Shi ba mai ba ne, ɗan siririn falle ne kamar leda. Ana yanka daidai girman furosesa a ɗora. In zafi ya kai wajen digiri 45 sai ya yi laushi ya cike ramukan, in ta huce ya sake daskarewa. Amfaninsa shi ne ba ya gudu. Ai mai na yau da kullum a laftof, yawan zafi da hucewa yana sa tagulla ta riƙa motsi kaɗan-kaɗan tana tura shi gefe, bayan wani lokaci ka buɗe ka tarar tsakiya fayau. Sai dai ɗora fallen nan yana da wuya, sai an sa shi a firji ya yi tauri kafin a iya ɓare ledarsa, kuma shi ma jabunsa ya cika intanet. Ga wadda za ta yi karon farko, MX-4 ɗin dai.

Fa'iza: Na gode Anti. To in na samu, yaya ake sawa? Na kalli bidiyo biyu, ɗaya ya ɗiga a tsakiya, ɗaya ya shafe ko'ina da kati. Na rasa wanda zan bi.

Abba: Ɗigo ɗaya a tsakiya kamar ƙwayar wake, ki ɗora tagulla ta baje shi da kanta. Shafawa da kati tana shigar da iska.

Injiniya Sabo: A injinka na tebur haka ne, Abba, domin furosesarka tana da murfin ƙarfe a kanta, ainihin ƙwayar tana can ƙasa. Ko kusurwa ba ta samu mai ba, murfin zai raba zafin. Ta laftof tsirara take, wannan ɗan madubin mai sheƙi da za ta gani shi ne ƙwayar kanta. Duk kusurwar da mai bai kai ba, wurin zai riƙa ƙuna shi kaɗai. Kuma ƙwayar wake ta yi mata yawa, abin bai fi farcen ɗan yatsa ba. Ni nakan ɗiga kamar ƙwayar shinkafa, in baje da ɗan cokalin roba har ya rufe madubin duka, siriri yadda kaɗan ya rage a hango ƙasa.

Abba: Ni dai ban taɓa ganin ɗigo ya ba ni kunya ba.

Malam Haruna: Ku biyun kuna da gaskiya a inda kowa yake aiki. In ma za a yi kuskure, gara ya ɗan yi yawa kaɗan da ya gaza, tunda matsin noti zai fitar da rarar gefe, muddin man ba mai ɗaukar wuta ba ne. Laftawa irin wadda Baba ya ba da labari ita ce matsala.

Injiniya Sabo: To Fa'iza, saurara da kyau. Ki kashe ta gaba ɗaya, ki zare caja. Ki yi aikin a tebur, ba a kan gado ko kafet ba. Yanzu iska a bushe take, kin san yadda mutum ke cire rigar sanyi ya ji tas-tas, ko ya taɓa ƙofar mota ta ja shi. Wannan 'yar wutar ta isa ta kashe wani abu a madabod. Ki cire suwaita, ki taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ki sa hannu ciki, ki riƙa maimaitawa. Da kin ɗaga murfin baya, abu na farko ki ɗauki hoto da waya, na biyu ki cire batir. Kada ki taɓa komai batir yana ciki.

Ki fara da fanka. Ki zare 'yar wayarta a hankali, ta kan robar za ki riƙe, ba ta igiyar ba. Ki ciro ƙurar da ke bakin haƙoran tagulla, ki share da tsohon buroshin haƙori busasshe. In za ki hura iska, ki danne fiffiken fankar da yatsa, kada ki bari iska ta juya ta da ƙarfi, yana lalata mata gindi.

A kan tagullar za ki ga notoci da lamba kusa da kowanne. Ki sassauta su kaɗan-kaɗan kina zagayawa, kada ki kwance ɗaya gaba ɗaya sauran suna ɗaure. In ta manne kada ki fizga, ki ɗan murɗa ta hagu da dama har ta saki. Bututun nan kuma kada ya lanƙwashe, akwai ɗan ruwa a rufe a cikinsa da yake kai zafi, in ya karye sai dai sabo.

Goge tsohon mai kuwa da sifirit ne. Wanda ake kira aisofurofil, mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, shi ya fi. In ba ki samu ba, sifirit na kemis zai yi, sai dai ki ba shi lokaci ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da tina, ban da abin goge farce, na san wasu masu gyaran waya suna yi amma suna cin roba. Ki samu ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da gashi, ki goge fuska biyun har su yi sheƙi. In ya ƙanƙame ki jiƙa ki jira, kada ki kankare da reza ko sukudireba. Za ki ga madubi biyu a jere, babba da ƙarami. Ki lura da inda kamfani suka sa mai tun asali, nan kaɗai za ki mayar. In kin ga wani ɗan soso mai laushi a manne, ki bar shi inda yake, ba a musanya shi da mai.

In kin shafa, ki sauke tagullar a miƙe sau ɗaya. Kada ki ɗaga don ki leƙa, in kin ɗaga sai an goge an sake. Ki ɗaure noti bisa lambarsu, kowanne rabin juyi kina zagayawa har su tsaya da kansu, ba da ƙarfin tuwo ba, madubin nan yana fashewa. Sai wayar fanka. Ita mutane suka fi mantawa.

Abba: Tunda ana maganar fizga, masu injin tebur na AMD su ji wannan. Ryzen 5 3600 ɗina, ranar da zan canza mai da safe cikin sanyi, na ja fankar sama kai tsaye, sai ga furosesa ta biyo ta a manne, ta fito daga soket alhali a kulle yake. Ƙafafu uku suka lanƙwashe. Na yi kusan awa biyu da allura da fitilar waya ina miƙe su, hannuna yana rawa, ga aikin bikin mutane a ciki. Allah ya taimake ni ta tashi. Ku fara kunna injin ya yi minti goma man ya yi laushi, sannan ku murɗa kafin ku ɗaga. In kuma sabuwar fanka kuka saya, ku duba ƙasanta: wasu da mai a shafe suke zuwa, ba a ƙara wani a kai, wasu kuma leda ce a manne, sai an ɓare.

Fa'iza: Yaya Sabo, na karanta sau biyu. Gaskiya ina son in koya, amma hannuna ni kaɗai ina tsoro, kwamfutar nan ita ke nan gare ni.

Injiniya Sabo: To ki zo da ita shago gobe bayan azahar, nan Ahmadu Bello Way, Kawu Isa ya san wurin zai kwatanta miki. Ke za ki riƙe sukudireba, ni ina tsaye. Ina da MX-4 na asali ƙaramin sirinji, ki biya kuɗinsa kawai. Kafin goben, ki shiga saitin wuta na Windows, wurin da aka rubuta iyakar ƙarfin furosesa, ki mai da shi 99 maimakon 100. Zai hana ta yin wannan tsallen gudun da ke kawo zafi, ki samu ki yi aikin daren yau. A kan faranti.

Kawu Isa: Allah ya saka da alheri, Sabo. 'Yata, ki tafi da ƙaninki ya raka ki.

Fa'iza: Assalamu alaikum. Na dawo daga shago, kuma da hannuna na yi. Baba, maganarka ta tabbata. Abin da muka ciro a bakin fanka ya kai kaurin yatsa, har da jan gashin bargona a ciki. Tsohon man kuwa ya zama kamar busasshiyar laka, tsakiyar madubin babu komai a kai. Yaya Sabo ya sa muka yi gwaji biyu don in gani da idona. Da muka share ƙura kawai muka mayar, aikin da yake kai ta 97 ya tsaya a 84. Da muka canza mai ya sauko 73. A zaune yanzu 43 take. Na mai da saitin nan 100, na yi awa uku ina aiki ba ta mutu ba, fankar ma sai na kasa kunne nake jin ta.

Malam Haruna: Alhamdu lillahi. Ki rubuta lambobin nan da kwanan wata ki ajiye. In damina ta wuce ki sake aunawa da irin aikin nan, ki gani ko sun motsa.

Anti Bilki: Madalla da ƙanwata. Noti nawa suka rage a tebur bayan kin rufe?

Fa'iza: Ko ɗaya, Anti. Yaya Sabo ya sa na jera su a kan takarda yadda na kwance su. Abu ɗaya ne, ya ce fankar tana ɗan karkarwa in ta tashi, wataƙila nan gaba sai an canza ta.

Injiniya Sabo: Ba na gaggawa ba ne. In kin fara jin tana ƙara kamar tana gogar wani abu, ki kawo. Sirinjin kuma ki toshe bakinsa da kyau, ki sa a leda ki ajiye inda rana ba ta bugu, abin da ya rage zai yi inji da yawa.

Nazifi: Yaya Fa'iza, tawa Dell ce, ita ma tana hura zafi tun bara. In ba damuwa ko za ki sam mini kaɗan daga ragowar? Zan share ƙurar tukuna in turo lambobina.

Fa'iza: Babu damuwa, Nazifi. Ina makaranta ranar Litinin har ƙarfe biyu, ka same ni a bakin laburare.

Baba Ɗanjuma: Injiniya, ni ma ka sa ni a layi ranar Asabar. Guda biyu zan kawo, da wadda take kusa da ƙofa, ita ta fi shan ƙurar titi.